Kasuwar Kurmi a Zamanin Manhaja: Wa Ke Da Izinin Shiga?

  Yau cikin birnin Kano za mu shiga, Kasuwar Kurmi, mu tattauna wani abu da ba a kasa shi a rumfa, amma dukiyar mutane da yawa ta rataya a kansa. A cikin wayoyi da manhajojin da muke kasuwanci da su yanzu, wa ke da izinin shiga? Wa ya ba shi izinin? Kuma in ta kama, wa zai iya karɓewa? Manyan kamfanonin duniya suna kashe maƙudan kuɗi don amsa waɗannan tambayoyi. Mu kuwa, da yawanmu mun bar amsar a hannun ɗan guntun sim guda ɗaya.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa wannan kasuwa. Fiye da shekara 500 ke nan ana hada-hada a gefen Jakara. Gishiri daga Bilma, goro daga Gwanja, kanwa daga Borno, kayan Larabawa daga Ghadames da Tarabulus, duk nan suke haɗuwa da turkuɗi da riguna da jar fatar Kano. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, harshensu ma ba ɗaya ba, suna cinikin dukiya mai yawa, wani lokaci bashi. To me ya hana su cutar juna?

A farkon 1824 wani Bature matafiyi daga Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a Kano, ya zaga kasuwar, ya rubuta abin da ya gani. Ya ga kowane irin kaya da nasa layin, ya ga Sarkin Kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna. Ya kuma lura da wata al'ada da ta ba shi mamaki. A cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi akan sa sunan dillalin da aka yi cinikin a hannunsa. Idan aka kai ƙunshin har Borno ba a buɗe ba, da aka buɗe aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a dawo da su Kano. Dillali ya nemo mai kayan, shi kuma dole ya mayar da kuɗi.

Sama da dillali kuma akwai maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Baƙon falke a gidansa yake sauka. Shi zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya kuma tsaya wa 'yan gari idan su za su karɓi kayansa bashi. Da wannan tsari Hausawa suka kai ciniki Salaga da Kumasi da Sabo ta Ibadan, kuma a cikin irin wannan fatauci na goro Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tashi. Wato tun a wancan lokaci kasuwa ta tanadi amsar tambayoyi huɗu. Wane ne wannan mutum? Wa ya tabbatar shi ne? Me aka yarda ya yi? In abu ya ɓaci, ta ina za a bi sawu?

Yanzu mu dubi rumfar mai huluna a Kurmi ta yau. Alhaji yana zaune daga ciki, yaron shago na riƙe da waya. Saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga wani abokin ciniki a Yamai, yana son zanna bukar da kube, kala kaza, lamba kaza. Yaron ya jera hulunan a kan tabarma inda haske ke faɗowa, ya ɗauki hoto, ya tura. Aka yi tayi da murya, aka sallama da murya. Can sai waya ta yi ƙara, yaron ya ce, "Alhaji, alat ya shigo." Aka ɗaure kaya a buhu, aka ɗauki maka aka rubuta lambar wayar mai karɓa da ta mai aikawa a jikin buhun, mai baro ya tura zuwa tasha. Direba bai san sunan kowa ba, lamba kawai zai kira. Inda kakanni suka sa sunan dillali, mu lambar waya muke sawa. Hotunan kaya, sunayen abokan ciniki, alƙawuran bashi, shaidar biya, hanyar shiga banki, duk suna cikin wannan waya ɗaya da ke hannun yaro.

To, masu sauraro, bari mu ga yadda manyan ma'aikatu ke tsara irin wannan aiki na haɗin gwiwa, inda mutum dubu goma ke aiki tare ba su ga juna ba. Manhajojin da suke amfani da su, irin su Microsoft 365 da Google Workspace da Slack, hawa-hawa ake tsara su, kowane hawa da aikinsa.

A can ƙasa akwai wutar lantarki, da layukan sadarwa, da manyan ɗakunan da aka jera kwamfutocin da ake kira uwar garke. Wannan hawa ba ma tuna shi sai ya sami matsala. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku, a gaɓar Afirka ta Yamma, suka lalace. Nan take harkokin bankuna da na ofisoshi suka yi tsaiko a Najeriya da maƙwabtanta, alhali manhajar da ke wayar kowa lafiyarta ƙalau.

Hawa na biyu shi ne rumbun bayanai, inda takardu da hotuna da saƙonni ke zaune. Na uku shi ne na hidimomi: aika wasiƙa, hira, taro ta bidiyo, jadawalin aiki, neman takarda, sa hannun shugaba a kan buƙata. Na huɗu, wanda ke sama, shi ne fuskar da kake gani a waya ko kwamfuta, inda kake dannawa. Ɗauki misalin Teams, wadda Microsoft ya fitar a 2017. Ma'aikaci yana ganin manhaja ɗaya ce. Amma takardar da ya ajiye a zauren sashensu tana zaune ne a SharePoint, jadawalin taronsa yana Exchange, sunansa da matsayinsa kuma suna wata rajista daban. Amfanin wannan rabe-rabe shi ne ana iya gyara hawa ɗaya ko a sauya shi ba tare da an rushe sauran ba.

Akwai kuma hawa na biyar, wanda shi ne maƙasudin sharhinmu. Shi ya ratsa dukkan sauran, daga sama har ƙasa, kuma ba abin da ke motsi sai da yardarsa. Shi ne hawan tantance mutane, kuma ayyukansa huɗu ne.

Aiki na farko rajista. Kowane ma'aikaci yana da suna ɗaya a kundi ɗaya, da sashensa, da muƙaminsa, da wanda ke samansa. Tun 2000 da Microsoft ya fito da Active Directory, ma'aikatu da yawa a duniya, har da bankuna da jami'o'i, a kansa suke ajiye wannan kundi. Takwaransa na intanet yanzu Entra ID ake kiransa, akwai kuma kamfanoni irin su Okta da wannan ce sana'arsu.

Aiki na biyu tantancewa. Ka ce kai ne wane, to kawo shaida. A da kalmar sirri kaɗai ake tambaya. Yanzu ana haɗa shaida biyu ko uku: abin da ka sani, wato kalmar sirri, abin da kake riƙe da shi, wato wayarka, da abin da ke jikinka, wato zanen yatsa ko fuska. Microsoft ya ce ƙara shaida ta biyu kaɗai na daƙile fiye da kashi 99 cikin 100 na yunƙurin sace asusu.

A nan akwai wata hikima da ya kamata mu tsaya a kanta. Ma'aikaci ba ya zagayawa yana faɗa wa kowace manhaja kalmar sirrinsa. Sau ɗaya yake gabatar da kansa ga mai tantancewa, shi kuma ya ba shi tikiti na ɗan lokaci mai ɗauke da hatimi. Duk manhajar da ya nufa, tikitin take dubawa. Ba ta san mutumin ba, amma ta san wanda ya tsaya masa. Tun shekarun 1980 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka tsara wannan dabara a wani tsari mai suna Kerberos. Ɗan Kurmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin aikin maigida ne sak: ba mu san baƙon ba, mun san gidan da ya sauka.

Aiki na uku izini. An tabbatar kai ne, amma wannan bai buɗe maka ko'ina ba. Mai karɓar kuɗi yana ganin abin da ya shigo, ba ya iya fitarwa. Mai kula da sito yana ganin adadin kaya, ba ya ganin albashi. Ƙa'idar ita ce a ba kowa daidai abin da aikinsa ke buƙata, kada a ƙara. Kuma da muƙami ake ɗaure izini, ta yadda in an canza wa mutum aiki izininsa zai canza, in ya bar aiki a rufe sunansa a wuri ɗaya, duk sauran wuraren su rufu a lokaci guda.

Aiki na huɗu ajiye sawu. Wa ya shiga, da ƙarfe nawa, daga wace na'ura, me ya buɗe, me ya goge. Ranar da abu ya ɓace, ba sai an tara mutane ana rantse-rantse ba.

Idan wannan hawa ya yi rauni, ƙarfin sauran ba ya hana komai. A watan Mayun 2021 'yan kutse suka kai hari kan kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin Amurka ke sha. Ta wani tsohon asusu suka shiga, wanda aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kawai ke tsaronsa, babu shaida ta biyu. Bututun ya tsaya kwanaki, aka yi layin mai, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. A watan Satumban 2023 kuma aka afka wa kamfanin otal-otal na MGM a Las Vegas. Rahotanni sun nuna waya maharan suka buga wa sashen taimakon ma'aikata, suka yi shigar wani ma'aikaci, aka buɗe musu. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kusan dala miliyan 100. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duka biyun, tsagar tana wajen sanin wane ne wane.

Mu dawo gida. Najeriya ma ta gina nata hawan tantancewa, kuma an sha wahala kafin a kai nan. A 2001 wayar salula ta shigo. A 2007 aka kafa hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa, NIN. A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, lamba 11 da ke haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa. A Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira saboda ba a haɗa su ba. Sai ga canjin takardun naira da ƙarancin tsabar kuɗi na farkon 2023, wanda ya tura har dattawan da ba su taɓa yarda da tiransifa ba suka nemi lambar asusu da na'urar POS. A Disamban 2023 kuma Babban Banki ya ce ko ƙananan asusu sai an haɗa su da BVN ko NIN.

Wannan ci gaba ne, kuma ina cikin masu yaba shi. Amma akwai giɓi. Duk waɗannan lambobi mutum ɗaya suke tantancewa. Ba su san rumfa ba. Ba su san akwai maigida da yaro da ɗan ɗaki da mai rubuta bashi ba. Sannan a aikace, dukkansu a kan layin waya suka jingina. Lambar sirrin da banki ke turowa, layi take zuwa. Asusun WhatsApp, layi ne. A OPay da PalmPay ma lambar wayar ce kan zama lambar asusu. Duk wanda ya riƙe layin, shi ne kai a idon na'ura.

Ga yadda wannan giɓi ke cin mutane. Alhaji ba ya son bin layin rajista, sai ya ce wa yaronsa, "Je ka yi da naka NIN ɗin." Shekaru suka wuce, duk abokan ciniki daga Agadas har Ndjamena wannan lamba suka sani. Ranar da aka sallami yaron, ko aka sami saɓani, a doka layin nasa ne. Ko an karɓe wayar, yana iya zuwa ofishin kamfani ya yi walkam-bak, wato a mayar masa da layin a sabon sim, kasuwar ta bi shi. Haka kuma in aka juya: yaron da ya ba da sunansa, idan aka aikata wani laifi da layin, shi za a fara nema.

Ga kuma masu kira da murya mai daɗi. "Ranka ya daɗe, daga ƙungiya ne, za mu sa ka a zauren taro, an turo maka lamba shida, karanto mana." Wannan lamba shida ita ce shaidar da WhatsApp ke nema kafin ya koma wata waya. Da ka karanta, asusunka ya tashi. Kafin la'asar an aika wa abokan cinikinka saƙo da sunanka da hotonka, an ce asusun banki ya canza, a tura kuɗi nan.

Akwai layin da aka yar. Mutum ya sayi sabo, ya manta tsohon, bai cire shi daga banki ba. Layin da ya daɗe ba ya aiki kamfani na iya sake sayar da shi, sai saƙonnin bankin wani su riƙa shiga wayar baƙo.

Akwai lambar sirri ɗaya da mutum biyar suka sani. Ranar da kuɗi suka yi ƙafa, ba wanda za a iya kamawa, kuma abin da ya fi ciwo, ba wanda za a iya wankewa. Zargi ya shiga tsakanin wa da ƙani, tsakanin kawu da ɗan 'yar'uwa, zumuncin shekaru ya lalace.

Sai wadda ba ma son ambato, amma tana tafe. Maigida ya rasu. Waya a kulle, ba wanda ya san lambar buɗewa. Wa yake bi, wa ke binsa, duk suna cikin saƙonnin murya. An zo rabon gado, magada ba su san iyakar dukiya ba, masu bin bashi ba su da shaida, marayu su ke kwana a ciki.

Me ya kamata a yi? Ba ina cewa mai rumfa a Kurmi ya sayi manhajar da banki ke amfani da ita ba. Ƙa'idojin nan huɗu ake buƙata, kuma yawancinsu ba sa cin ko kwabo.

Da farko, kasuwanci ya sami nasa suna. A ware layin shago daban da na gida, a yi masa rajista da NIN na mai dukiyar. Wanda ya sami hali ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista a hukumar CAC, ya buɗe asusu da wannan suna, ya rubuta wa banki su wane ne ke da ikon sa hannu. Abokin ciniki da ya ga sunan shago ya fito kafin ya tura kuɗi, hankalinsa ya fi kwanciya, ɗan damfara kuma aikinsa ya ƙara wuya.

Na biyu, a ƙara shaida. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu mai lamba shida, wadda kai ka zaɓe ta. Wanda ya sa ta, ko an yaudare shi ya karanta lambar da aka turo, ɓarawo zai tarar da wata tambayar a gabansa. Shi kansa sim ana sa masa lambar sirri, ta yadda in an sace waya aka zare shi aka sa a wata, ba zai yi aiki ba. Kuma kowa ya nemi lambar toshe asusu ta bankinsa, ya rubuta ta a takarda tun kafin ranar buƙata.

Na uku, kowa da nasa izini. WhatsApp yana ba da damar haɗa wasu na'urori har huɗu da asusu ɗaya. Layin ya zauna a wayar maigida, yaro ya yi aiki da wayar da aka haɗa, ranar da ya tashi a cire ta. A wajen kuɗi, a raba asusun karɓa da asusun ajiya. Yaro ya ga shigowar kuɗi don ya saki kaya, amma fitar da babban kuɗi ya zama sai maigida. Duk ranar da wani ya bar shago, ko da lafiya aka rabu da addu'a da jari, a canza lambobin sirri a ranar.

Na huɗu, a rubuta. Bashi ya shiga littafi, ko na takarda ko na waya, da suna da rana da adadi. A sami amintacce ɗaya, ɗa ko ɗan'uwa, da ya san inda aka ajiye bayanin asusu da layuka, saboda halin rayuwa.

Na san abin da wani dattijo zai ce: "Malam, mu da amana muka gaji kasuwa. Yaron nan ni na riƙe shi tun yana ƙarami, yanzu in ce ban yarda da shi ba?" Baba, maganarka tana da nauyi, amana ita ce jarin Kurmi na gaskiya. Amma mu tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka fi mu riƙon amana. Rubutu da iyakance izini kariya ce ga mai gaskiya. Yaron da ba shi da ikon fitar da kuɗi, ba wanda zai tuhume shi ranar da kuɗi suka fita. Ka raba shi da zargi, ka kuma raba shi da jarrabawar da ba dole ba ce a ɗora masa.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shugabannin kasuwa da na layuka, a Kurmi da Kantin Kwari da Singa da Dawanau, suna iya ajiye kundin 'yan ƙungiya: sunan rumfa, lambar da aka tabbatar, sunan asusun da aka tabbatar. Baƙo daga Maraɗi ko Zinder da ke shakka ya sami inda zai tambaya kafin ya tura kuɗi. Wanda aka sace wa layi ya sami inda zai kai rahoto a sanar da jama'a cikin sa'a guda. Sai dai a yi hattara, irin wannan kundi shi kansa dukiya ne da ɓarayi za su so. Kada a tara abin da ba a buƙata, kada a karɓi BVN ko lambar sirrin kowa, a kuma san wa ke da ikon buɗe shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ƙungiyar kasuwa ba ta fita daga ciki ba.

Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi su ma da nasu. Sun shigo kasuwanninmu, sun raba na'urori, suna samun riba. To su kawo wa ƙaramin ɗan kasuwa abin da suke ba manyan kamfanoni: asusu ɗaya mai izini hawa-hawa, na maigida daban, na yaro daban, da bayani cikin Hausa, da murya ga wanda karatun boko bai yi zurfi ba. Kamfanonin waya su tsaurara bincike kafin a yi wa kowa walkam-bak. Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da ta Aliko Ɗangote da ke Wudil kuma, ga aiki a ƙofar gida. Ku shiga Kurmi, ku zauna da masu sirdi da linzami, da masu littattafai, da masu turare, ku ga yadda suke ba da kaya da karɓar bashi, sannan ku gina manhajar da ta dace da su. Wanda ya san bambancin maigida da dillali da ɗan kamasho ya riga injiniyan waje sanin irin izinin da kowannensu ke buƙata.

Jama'a, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gobe kafin a buɗe rumfa, kowane maigida ya binciki abu uku: da sunan wa aka yi wa layin shago rajista, mutum nawa suka san lambar sirrin asusu, kuma in yau ba ya nan, wa zai iya gaya wa iyalinsa abin da yake bi da abin da ake binsa. Wanda ya tarar da gyara, ya yi shi a cikin makon nan, tun ana zaman lafiya da kowa, domin gyaran da aka yi cikin lumana ba ya ɓata wa kowa rai.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare dukiyar bayinsa, ya ƙara mana riƙon amana.